Haɗa samfurin motar soja ta GMC CCKW (1/35) da yi mata fenti a danshin Legas

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwalin samfuri na kamfanin Tamiya mai lamba 35218, wato babbar motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, GMC CCKW mai ƙafa goma, ma'aunin 1/35 (motar gaske ta ninka samfurin sau 35). Har yanzu ban yanke ko guntu ɗaya daga jikin firam ɗin robar ba. Abin da ke hannuna: reza, ƙaramar filaya, supa gulu, buroshi biyu, sai kwalbar fentin Tamiya XF-62 (koren motocin soja) guda ɗaya. Ba ni da bindigar feshi, ba ni da kwamfuresa.

Ga inda na tsaya. Shin ana haɗa motar gaba ɗaya ne kafin a yi fenti, ko kowane yanki da nasa lokacin? Supa gulu zai yi aikin? Sannan ga damina ta kankama, ko rigar da aka shanya sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, to fenti fa? Kuma ta yaya ake sa ta fito kamar motar da ta sha hanya, ba kamar kayan wasan yara na kasuwar Idumota ba? Masana a taimaka.

Bakanike_Ijora:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da ajiye supa gulun nan gefe, ranarsa na zuwa amma ba yau ba. Robar waɗannan samfura ba liƙa ta ake yi ba, walda ake mata. Gam ɗinta ruwa ne tsararo da ke narkar da fuskar guntaye biyu su zama abu ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne Tamiya Extra Thin, mai koren murfi, kwalbar mililita 40, kuma kwalba ɗaya za ta haɗa maka motoci da yawa. Ba a shafa shi a jikin guntu sannan a manna. Haɗa guntayen ka riƙe, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshin da ke jikin murfin, gam ɗin da kansa zai bi tsagar ya shige. Ka kula kada yatsanka ya kasance a kan tsagar, domin gam zai bi ƙarƙashinsa ya bar maka zanen yatsa a jikin ƙofa, sai ka yi ta gurza. Kuma ba ya kama fenti: duk inda fenti ya hau, sai ka kankare shi da reza kafin ka haɗa.

Supa gulu yana kamawa nan take, ba ya ba ka damar daidaita komai, ga shi da saurin ɓallewa idan abu ya ɗan bugu. Tururinsa kuma yana sa gilashi ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Gilashin gaba da na fitilu, farin gam na kafintoci ake sa musu, irin Top Bond, da bakin tsinken sakace. Yana bushewa garau, in ya yi yawa ka goge da auduga mai laima.

Kafin komai, wanke firam-firam ɗin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, su bushe. Wajen yanka, kada ka kai bakin filaya jikin guntu. Bar kamar milimita 1, sannan ka share ragowar da reza, ka bi da sanfefa lamba 400, sai 600, in wuri ne da ido zai gani ka ƙare da 1000. Wanda ya murɗe guntu da hannu ya cire, rami zai bari. Kuma kada ka yanke guntu sai ka zo kansa a takardar umarni, don lambar tana jikin firam ne, ba ta jikin guntun.

Yanzu babbar maganar. Tankar yaƙi akwati ce rufaffiya, kana iya haɗa ta kusan duka ka fesa. Babbar mota ba haka take ba, komai nata a buɗe yake: ana hango shasi ta tsakanin kai da bodi, ana ganin kujeru da sitiyari, ana ganin sifirin ta bayan taya. In ka haɗa ta duka, buroshi ba zai kai waɗannan lunguna ba. Saboda haka kashi-kashi za ka yi: shasi da duk abin da ke rataye a jikinsa, kan mota, bodi, tayoyi, sai gilashi da kayan lodi a ƙarshe. Kowane ka gama shi, ka gwada zamansa a kan shasi ba tare da gam ba, a yi masa fenti, sannan a haɗa.

Shasi shi ne wurin da aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Motar nan aksul uku gare ta, taya biyu a gaba, takwas a baya bibbiyu, kuma duka ukun suna ja, shi ya sa za ka ga farfela har da ta gaba. In shasi ya murɗe da rabin milimita kawai, taya ɗaya za ta rataye a iska, bodi ya karkace, kai ya ƙi zama. Rabin milimita a wannan ma'auni kusan santimita 2 ne a mota ta gaske, ido kuwa yana kama shi daga nesa. Nemi guntun gilashi ko tayil mai santsi ka yi aikin a kai, kada ka amince da teburin katako. Ɗora shasin ka danna kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. In yana rawa, tsoma shi a ruwan zafin da bai kai tafasa ba na 'yan daƙiƙu, ka murɗa shi a hankali zuwa ɗaya ɓangaren, ka saka a ruwan sanyi, ka sake gwadawa.

Sifirin da aksul uku ka haɗa su a zama ɗaya, kada ka yi na gaba yau na baya gobe. Tun gam bai ƙanƙare ba (kana da kamar minti 10 da abu zai iya motsawa) ka zura tayoyin ba gam, ka ajiye motar a kan gilashi, ka sunkuya ka duba ta gaba da ta baya ko duka goman sun taka. Ɗora mata ɗan nauyi, kwalbar fenti ɗaya ta isa, ka bar ta ta kwana.

Abu biyu da sababbin hannu ke tsallakewa. Duk guntu mai siffar bututu, farfela, salansa, aksul, sandar giya, yana da siririn layi a gefe biyu inda ƙarfen zubi ya haɗu. Kankare shi da bayan reza, kana jan ta a tsaye. In ka bar shi, fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi. Na biyu, 'yan da'irori da za ka gani a cikin bangon bodi da bayan ƙofofi, sawun fil ɗin da ke turo roba daga injin zubi ne. Wanda lodi zai rufe, ƙyale shi. Wanda zai fito fili, cike shi da foti (ƙullun cike rami) ka goge. A nan supa gulunka zai yi amfani: ɗigo ɗaya a ramin, amma ka goge cikin awa guda, don in ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa sai ta cinye gefen ta bar shi tsaye.

Tayoyi kuma, bayan ka haɗa su ka goge layin tsakiya, ɗan gurza ƙasan kowace a kan sanfefa ya zama shafaffe kaɗan. Taya mai ɗauke da nauyi ba ta tsayawa a kan tsini.

MaiFenti_Obalende:

Yallaɓai Bakanike ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki fenti. Ɗan'uwa, rashin bindigar feshi ba ya hana aiki mai kyau, sai dai kwalbar da ke hannunka ta fi son feshi. Fentin Tamiya na jerin XF yana da sifirit a cikinsa, yana bushewa da sauri, kuma in ka koma da buroshi kan inda ka shafa yanzu-yanzu, sai ya kwaso na ƙasa ya dunƙule. In da shi za ka yi, tsinka shi da X-20A (tinar Tamiya), kamar kashi biyu na fenti da kashi ɗaya na tina, ka ƙara ɗigon maganin jinkirta bushewa na kamfanin, kada ya wuce ɗaya cikin goma. Shafa sau ɗaya ka wuce, kada ka waiwaya. In X-20A ya yi wuyar samu, sifirit ɗin da masu gyaran waya na Computer Village ke wanke allon waya da shi, wanda ake rubuta IPA a jikin gorarsa, yana tsinka shi, illa dai ya fi saurin bushewa.

Wanda ya fi daɗin buroshi shi ne Vallejo Model Color, lamba 70.887 ita ce kalar motocin Amurka. Ruwa ake tsinka shi da shi, ruwan gora mai tsabta. Kada sifirit ya kusance shi, nan take zai zama kamar kindirmo. Wani amfaninsa: tunda na ruwa ne, ya fi sauƙin shigowa ta jirgin sama. Gwangwanin feshi da gam mai kama wuta su ne masu jigila ke yawan ƙin ɗauka, don haka in kana oda daga waje ka tambaya tun kafin ka biya.

Kaurin fentin da ake so, kamar madarar ruwa: in ka shafa a jikin kwalba ya gangaro ya bar ɗan launi. Shafin farko zai yi muni, roba na leƙowa ta ko'ina, haka ake so. Shafi uku siririya, wani lokacin huɗu, kowane ka juya alkiblar buroshi, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Shafi ɗaya mai kauri yana cike kan kusoshi da tsagar katako, kuma a danshin nan samansa ne zai bushe cikinsa na nan ɗanye har mako. Buroshi mai faɗi lamba 6 ko 8 don bango, mai tsini lamba 0 ko 1 don ƙananan wurare.

Kafin fenti sai firema, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama roba. Fentin ruwa ba ya riƙe robar da ba a yi wa firema ba, farce kaɗai zai ɗaye shi. Firemar gwangwani mai ruwan toka ta wadatar. A shasi da ƙasan bodi baƙa ta fi, domin duk lungun da fenti bai kai ba sai ya zama inuwa. In ta masu fentin mota ce kaɗai ka samu, gwada ta a guntun firam tukuna, don wasu suna da zafi, suna sa roba ta yamutse kamar fatar lemo. Girgiza gwangwani minti 2 cikakku, tsaya nesa da santimita 25 zuwa 30, ka fara fesawa kafin ka iso kan motar ka saki bayan ka wuce ta. Feshin farko hazo-hazo kawai. Yi a waje ko a baranda, da takunkumi, ba a ɗakin da ake kwana ko kusa da risho ba.

Batun danshi. Lokacin da feshi ya sauka, tinar da ke cikinsa na tashi, tashinta na sanyaya fuskar robar, sai raɓar da ke cikin iska ta sauka a kai ta maƙale cikin fentin. Shi ne za ka ga ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Da damina iskar Legas kan wuce kashi 80 cikin ɗari na danshi, kuma ta fi jiƙa da asuba da bayan ruwa ya ɗauke. Don haka feshi sai ranar da rana ta fito, tsakanin azahar da la'asar. In hadari ya haɗu, rufe gwangwani ka koma kankare layi. Idan farin ya riga ya fito, kada ka goge, bar shi ya bushe, ka sake bi da siririn feshi a busasshiyar rana, galibi yana ɓacewa. Fentin buroshi bai cika yin wannan fari ba, jinkirin bushewa ne matsalarsa: ba shi awa 2 tsakanin shafi da shafi, awa 48 kafin ka ɗora wani abu daban a kai. Hancinka ne ma'auni, in har yana warin fenti bai gama ba. Mai kwamfuresa kuwa dole ya sa matarar ruwa a bakin tiyo, in ba haka ba bindiga za ta tofa masa ɗigon ruwa a tsakiyar bonet.

Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, labarin ya juya: fenti na bushewa da kyau amma ƙura ce ke sauka. Maganin ƙurar shi ne babbar robar abinci mai murfi. Kana gama shafi ka kife ta a kai, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke don iska. Kada ka kai rana ta busar maka, siraran guntaye irin sandunan tamfol lanƙwashewa suke yi.

Kala kuma. XF-62 kai tsaye daga kwalba ya yi duhu ga abin da tsawonsa bai kai santimita 20 ba, sai motar ta zama dunƙulen baƙi-baƙi. Shasi da ƙasa ka bar su da shi yadda yake. Bango da ƙofofi, kashi huɗu XF-62 da kashi ɗaya XF-60 (ruwan ɗorawa mai duhu). Saman bonet da saman madigadi inda rana ke duka, ƙara XF-60 kaɗan. Kada ka haskaka shi da fari, toka-toka yake komawa. Taya ba baƙa wuluk ba ce, XF-85 ko XF-69 ake sa mata. Fara fentin taya duka, sannan wili da kalar mota: tsinka fentin sosai ka taɓa bakin wilin, zai zagaye da kansa. Kujeru XF-49, kalar kaki. Fitilun gaba azurfa a ciki, ɗigon farin gam a kai ya zama gilashi.

Ɗan_Agege:

Allah ya saka da alheri, Yallaɓai Bakanike da Malam MaiFenti. Sauran biyu. Na ga ana zuba wani baƙin ruwa a tsagogi don su fito, zan iya haɗa shi da kananzir ko tinar masu fentin mota? Sannan sitikun da ke cikin kwalin, yaushe ake manna su, kafin tsufantarwa ko bayanta?

Malama_MaiZane:

Malam Ɗan Agege, tinar masu fentin mota kada ta taɓa motar nan ko da wasa. Za ta cinye fenti ta wuce ta narkar da robar. Fetur ma haka. Kananzir ba ya narkarwa nan take, amma maiƙo gare shi, yana daɗewa bai bushe ba, ya bar ƙyalli da wari. Abin da ake so shi ne farin tina na masu zane, wanda ake tsinka fentin mai da shi. Shagunan kayan zane na wajen Yaba suna da shi, a nan za ka sami fentin mai na tub ma. Tub uku sun ishe ka shekaru: ruwan ƙasa mai duhu (Burnt Umber a jikin tub ɗin), baƙi, da ruwan ƙasa mai haske.

Sitika ce farko, kuma tana da sharaɗi. Fentin soja ba ya ƙyalli saboda fuskarsa gurje take in an duba da madubin ƙara girma. In ka ɗora sitika a kai, iska na maƙalewa a ƙananan ramukan, sai gefen sitikar ya riƙa walƙiya kamar azurfa. Don haka sai ka shafa banish mai ƙyalli, X-22, aƙalla a wuraren da sitika za ta zauna, ya kwana. Yanke kowace sitika dab da zanenta, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, ajiye a kan tishu kamar rabin minti har ta fara zamewa, ka tura ta daga takardar zuwa jikin motar da jiƙaƙƙen buroshi. Kada ka ɗaga ta da yatsa, naɗewa za ta yi. Matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da auduga. Tauraron saman bonet shi ne mai gardama, don yana hawa kan tudu da tsaga. Wani maganin sitika mai suna Micro Sol ke laushaya shi ya kwanta. Zai yamutse ya ba ka tsoro, kada ka taɓa shi, da kansa zai miƙe kafin safiya. In wata ta riga ta yi azurfa, huda ta da bakin allura wuri uku ko huɗu ka ɗiga maganin. Bayan nan wani siririn X-22 a kan sitikun.

Yanzu baƙin ruwan. Matsa fentin mai kamar ƙwayar shinkafa biyu a kan guntun kwali, bar shi awa 2 kwalin ya tsotse man, in ba haka ba a danshin nan sai ya yi mako yana danƙo. Kwashe shi ka tsinka da tina kamar kashi 1 cikin 10, ya zama kamar baƙin shayi. A nan zan ɗan saɓa da abin da ake yawan nunawa a bidiyo, inda ake wanke motar duka da shi. Kada ka yi haka a babbar mota. Na ɗaya, yana dusashe kalar da Malam MaiFenti ya sha wahalar haskakawa. Na biyu, tina in ta taru a mahaɗa tana sa roba ta yi gautsi, sifirin da aksul kuwa su ke ɗauke da nauyi, sai ka wayi gari ƙafa ta ɓalle. Ɗiga shi kawai da bakin buroshi a kan kusoshi, tsagar katako, gefen ƙofa, ragar gaban lagireto. Bayan minti 15 zuwa 20 ka share abin da ya fita layi da buroshi mai ɗan laimar tina. Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne farin tina ba ya taɓa fentin ruwa da ya bushe, irin XF da Vallejo. Da fentin ƙasan na mai ne, da tare za su tashi.

Sai banish marar ƙyalli, XF-86, siriri, a busasshiyar rana. Shi ya fi kowa jin haushin danshi, in ya yi kauri sai motar ta yi furfura. Gilashi ba ya wurin tukuna, sai an gama wannan.

Ƙujewar fenti: yagi guntun soso, dangwala a ruwan ƙasa mai duhu, ka goge a takarda har ya kusa ƙarewa, ka taɓa inda takalmi da kaya ke gogawa, wato matakala, bakin ƙofar baya, bamba, ƙasan direba. Ka tuna lissafi, ƙujewa mai faɗin milimita 1 a nan santimita 3.5 ce a gaske. Ƙura kuma allin zane ake gogawa a sanfefa ya zama gari, a shafa da busasshen buroshi, a ɗiga farin tina ya zaunar da shi. Ta fi yawa a ƙasa, tana raguwa in an hau sama. A taya, cika ramukan da ita ka share saman da yatsa.

Dattijon_Idi_Araba:

Sannunku da aiki. Ɗana, kafin ka ɗauki soson nan ka yanke shawarar wace mota kake yi, a ina, a wane wata, don shi zai gaya maka yawan dattin.

An ƙera CCKW daga 1941 zuwa 1945, sama da 560,000. Sunan ma bayani ne: C ta farko shekarar 1941, C ta biyu kai irin na yau da kullum mai bonet a gaba, K duka ƙafafu na ja, W aksul biyu a baya. Tan biyu da rabi da ake faɗa, kimanin kilo 2,270, nauyin da take ɗauka ne a daji, a kan kwalta tana ɗaukar ninkinsa. Inda ta fi suna shi ne jigilar Red Ball Express a Faransa, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba 1944, lokacin da motoci kusan 6,000 suka riƙa kai fetur da harsashi da abinci daga gaɓar Nomandi zuwa bakin daga, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne.

Me wannan ke nufi ga buroshinka? Motocin nan shekararsu ɗaya ko biyu da fitowa daga masana'anta. Sun sha wuya, sun sha ƙura, amma ba su ruɓe ba. Mu da idonmu ya saba da tsofaffin tireloli na hanyar Apapa da gishirin teku ya cinye, hannunmu na saurin kai wa tsatsa. Tsatsa a salansa kawai, sai ɗan kaɗan a sarƙa da ƙugiya. Kuma bodin da yawa daga cikinsu na katako ne, an koma katako don tsimin ƙarfe, aka shafe shi da kalar mota. Katako ba ya tsatsa: in takardar kwalinka da zanen bodin sun nuna katako ne, ƙujewar ta zama ruwan itace mai haske, XF-57 ya yi, tsatsa kuwa sai a kan ƙarafan da suka ɗaure shi. Ƙasar ma a kula. Jar ƙasa irin tamu ba ta can ba ce. Agusta ƙura ce fara-fara mai ruwan toka, Nuwamba taɓo ne mai duhu, jiƙaƙƙe. Zaɓi ɗaya. In taɓo ne, garin alli da ɗan farin gam da XF-52 (ruwan ƙasa), a cikin madigadi da bayan tayoyi inda taya ke watsawa, ba a saman bonet ba.

Lambar da ke gefen bonet tana farawa da 4, alamar ajin nauyin motar ce, kada ka haɗa ta da ta jif. Alamomin bamba na runduna ne, ka ɗauki zaɓi ɗaya daga takardar kwalin ka bi shi gaba da baya, kada ka tsinto daga nan da can don sun fi kyau. Bindigar da ake ɗorawa a zobe saman kai ma ba kowace mota ke da ita ba, kamar ɗaya cikin huɗu ce.

Lodi shi ke ba motar rai. Jarkar Amurka galan 5 ce, kusan lita 19, duro kuwa galan 55, lita 208. Ba sai ka sayi jarka ɗari ba: yanka katako ko kwali mai kauri ya cika ƙasan bodi, ka yi masa baƙin fenti, ka jera jarkoki a sama da bakin ƙofar baya, sauran tamfol ya rufe. Tamfol ɗin tishu ne marar zane. Shimfiɗa siririyar leda a kan bodi don kare fenti, ɗora tishu, jiƙa shi da farin gam kashi 1 da ruwa kashi 3, ka gyara lanƙwasarsa da buroshi ya lotsa tsakanin sanduna. In ya kwana ya ƙanƙare, cire, zare ledar, yi masa XF-49 da ɗan XF-62 don ya bambanta da ƙarfen. Igiya zaren ɗinki ne, amma ja shi ta cikin farin gam tsakanin yatsu biyu tukuna, in ba haka ba gashinsa zai tashi ya tona asiri.

Bakanike_Ijora:

Baba ya tuna min abu ɗaya game da gilashi, tunda shi ne na ƙarshe. Yanka tef ɗin takarda siffar rabin da'ira guda biyu daidai tsawon waifa, manna a inda waifa ke sharewa, ka bi sauran gilashin da XF-57 da aka tsinka sosai, kashi 1 cikin 10, shafi ɗaya tak, ka cire tef ɗin tun bai gama bushewa ba. Riƙe gilashin ta gefe da hantsaki, don zanen yatsa a cikinsa ba ya gyaruwa bayan an manna.

Wajen haɗa kai da bodi a kan shasi, kankare fenti a wuraren zama huɗu ko shida da za su taɓa juna, mayar da motar kan gilashin nan mai santsi da ka gwada shasi a kai, ka sa kai tukuna, sannan bodi, ka duba ta sama ko layinsu ɗaya. Madubin gefe da waifa su ne ƙarshen ƙarshe, da ɗigon farin gam, don in hannu ya buge su su faɗi ba tare da sun karye ba.